Ɗauko Yaya Hamza Daga Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ba ku bar ni na sha ruwa ba. A ofis ne, a majalisarmu ta bakin tashar Gagarawa ne, kowa tambayarsa ɗaya: "Malam Sabo, yaya ƙasar Faranshi?" Ni kuwa sai in kawo zancen kilishi da dogon burodi, in sulale. Da aka yi mana rasuwa kuka ɗan ɗaga mini ƙafa, yanzu kuma kun dawo da ƙarfinku. To, yau kwana arba'in da uku da binne Yaya Hamza, kuma Inna ta ce in faɗa, ita ba ta ga abin ɓoyo ba. Ga shi nan na rubuta. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, ku bar ni in huta.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Hamza yayana ne, ɗan farin Inna. Dillalin shanu ne, ya fi shekara goma yana kai da kawo tsakanin Maigatari da Damagaram. A kara, wato kasuwar shanu, ba a kiransa da sunansa, Rediyo ake ce masa. Zai gaida mutum biyar a numfashi ɗaya, ya tambayi kowa iyalinsa da sunayensu, ya tsokani Bafulatani, ya lallashi mahauci, duk kafin ni in gama cewa "ina kwana". Matarsa ta rasu a can bara waccan bayan doguwar jinyar tari, tun daga nan bai sake zuwa gida ba.

Ƙarshen daminar da ta wuce wani direban motar shanu ya same ni a Gagarawa, inda nake aikin malamin dabbobi. Ya ce fatoman Yaya, wato mai masaukinsa, ya ce a zo a ɗauki mutuminmu, kansa ya taɓu. Ba ya magana, ba ya ciniki, sai zama.

Na hau babur na tafi ƙauyenmu, can bayan Sule Tankarkar. Na tarar da Inna tana tsintar wake a tsakar gida. Kun san halin iyayenmu mata da ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin sunan Hamza a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. In ya zo gaishe ta sai ta kawar da kai, ta amsa a taƙaice, ta sami abin yi. Da na faɗa mata saƙon, hannunta ya tsaya a cikin faifai, sannan ya ci gaba.

Kawu Ilu, yayan Inna, shi ne babbanmu tun rasuwar Baba. Bai ɓata lokaci ba.

"Sammu ne," in ji shi. "Dillali mai farin jini irin wannan, ai dole a jefe shi. Ka je ka ɗauko shi. Ranar Alhamis zan jira ku a Maigatari da mota, mu wuce da shi gidan mai magani kai tsaye. Kada uwarsa ta gan shi a haka."

Na san gidan da yake nufi. Na taɓa zuwa yi wa shanun mai gidan allura. Na ga mutane a turu, ƙafa cikin gungume, bayansu duk shatar bulala. Wani yana ta kiran sunan wata mata. Ranar ban iya cin abinci ba. Amma Kawu ba mugu ba ne, abin da ya sani ke nan, kuma ni ban isa in ja da shi ba. Na ce to.

Da zan fita Inna ta miƙo mini ƙullin dakuwa ba tare da ta dube ni ba. "Ka kai wa wancan," ta ce.

Ran Lahadi da sassafe na shiga Fijo daga Gumel zuwa Maigatari. Tsallake iyaka a tafiya bai ba ni wuya ba. Daga can aka loda mu a wata tsohuwar Landiroba, mu goma sha wani abu, har da tunkiya. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanyar kuwa babu kwalta. Sau uku muna kafewa, sau uku muna fita turi. A na ukun taya ta watsa mini taɓo tun daga hula har takalmi, wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Sannu, mushe." Na ɗaure fuska. Ni da aikina ke nan hana mutane cin mushe, yau ni ake kira da shi? Sai na kusa da ni ya raɗa mini cewa a can haka ake ce wa duk ɗan boko, girmamawa ce. Na ce mata yawwa, ba don na ji daɗi ba.

Jandarmominsu ba kamar namu ba ne. Ba hayaniya, ba wasa. In an zo shinge kowa ya sauka ya yi layi da takardarsa a hannu, "kat" suke ce mata. Jandarma zai dubi hoto, ya dube ka, ya sake duban hoto, ya miƙo maka ba ko murmushi. A kowane shinge abin da ke zuwa raina ɗaya ne: yaya zan yi in wuce nan da mutumin da ba ya magana?

Mun kwana Dungas a rumfar wani mai shayi. Da safe na sayi burodin nan nasu mai tsawon kamu guda, na gatsa, ya kusa tafiya da haƙorina. Ashe tsomawa ake yi. Sai bayan azahar ta Litinin muka shiga Damagaram.

Fatoman Yaya, Malam Mani, dattijo ne siriri mai sanyin magana. Bai bar ni na ga ɗan'uwana nan take ba. Sai da aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka ɗora ɗan ƙaramin butan shayi a gawayi. Mu a gida shayi kofi ɗaya ne ka tashi. Su sai an yi zagaye uku, kuma tashi kafin na ukun rashin kunya ne. Na sha na farko mai ɗaci kamar maɗaci, na daure har na ukun.

"Malam, ku yi haƙuri da abin da za ku gani," in ji shi. Shi mutum ɗaya ma "ku" yake ce masa. "Abin a hankali ya zo. Da fari mantuwa ce, ya sayar da saniya ya manta wa ya sayar wa. Sai igiya ta fara suɓuce masa. Sai tafiya ta zama kamar yana taka ƙaya. Daga baya sai ya daina kula komai. Ba ya duka, ba ya zagi. Na kai shi gidan likita, sun ɗebi jini, sun ce sai danginsa sun zo za su yi magana."

Na tarar da Yaya zaune a ƙofar ɗakinsa, ya jingina da bango. Rigar da na san ta cika shi yanzu kamar an rataye ta a ƙusa. Na durƙusa, na yi abin da kowannenku zai yi.

"Yaya, ina wuni? Ina gajiya? Yaya jiki? Yaya ƙarin haƙuri? Ka gane ni? Sabo ne fa. Yaya, ka gane ni?"

Ya dube ni kawai. Fuskarsa ba fushi ba murna. Na sake jero gaisuwar da ƙarfi kamar kurma nake wa magana. Shiru. Na juya baya na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na ce a raina Kawu ya yi gaskiya, babu kowa a cikin jikin nan. Na buɗe jaka ina neman ƙullin Inna don in sami abin yi da hannuna. Na daɗe ina fama da ƙullin, don Inna in ta ɗaure abu sai ka ce ba za a sake kwancewa ba. Sai na ji murya a bayana, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya.

"Lafiya... lau... Sabo."

Gaisuwata ta farko yake amsawa.

Washegari muka tafi asibiti a amalanken jaki, don ba zai iya zama a babur ba. Likitan, lokotoro suke cewa, mutum ne gajere mai furfura a gefen kai, Hausarsa ta Damagaram tsantsa. Ya sa aka zaunar da Yaya a benci a waje tare da Malam Mani, ya rufe ƙofa.

"Sida ce," in ji shi. "Abin da kuke kira ƙanjamau. Sau biyu muka gwada."

Ban san lokacin da na ce, "A'a, Likita, ai kansa ne ya taɓu," ba. Ni a sanina ƙanjamau rama ce da gudawa, kamar yadda ake zana ta a takardun da ke manne a bangon asibiti.

Ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa masa sai ya gyara zama. "To kai ka taɓa fasa kai ka ga ciki."

Na ce sau da yawa. Tunkiya mai juwa, wadda ke ta zagaye wuri ɗaya, in aka yanka ta na kan fasa kan in nuna wa makiyayi ƙullin ruwan da tsutsa ta yi a ƙwaƙwalwa, don ya yarda ba iska ba ce.

"Madalla. Ashe ba zan sha wuya da kai ba."

Ya jawo wani katon littafi na Faransanci, ya buɗe wurin hotuna biyu. "Wannan ba kan ɗan'uwanka ba ne, ba mu da na'urar ɗaukar hoton cikin kai a nan. Mun dai ɗebi ruwan bayansa, ba sanƙarau ba ne, ba mu ga wani abin da za mu ɗora wa laifi ba. Alamunsa kuwa irin na wannan ne." Ya ɗora yatsa a hoton farko. Ƙwaƙwalwa ce cikakkiya, ta cika ƙoƙon kai dam, lanƙwashe-lanƙwashenta a matse kamar yadda na saba gani. Ya koma na biyun. Ta ja baya daga ƙashi. Kwarin da ke tsakanin lanƙwasar ya buɗe. Ramukan ruwa biyu da ke tsakiya, waɗanda a ta farko 'yan siraran tsaga ne, a nan sun yi faɗi.

"Naman ne ke raguwa, ruwa yana cike gurbin," in ji shi. "Cutar tun da wuri take shiga kai, a ɓoye cikin ƙwayoyin jinin da ke tsaron jiki. Ta zauna shekaru ba a sani ba. In ƙarfin jiki ya faɗi sai masu tsaron nan su rikice, su riƙa zubar da abin da ke lalata jijiyoyin da ke kusa da su. Ka ga farin nan na ciki?"

Na ce na san shi, ƙarƙashin naman nan mai ruwan toka.

"Shi ne hanyoyin da saƙo ke bi daga wannan sashe zuwa wancan. Shi da ƙullayen nan na can ƙasa, masu kula da saurin tunani da motsin hannu da ƙafa, su suka fi shan wuya. Ta wace hanya ka zo?"

Na ce ta Dungas.

Ya ɗan yi dariya. "To ka gane. Mota ta iso, amma yaushe? Haka maganarka take a kansa. Tana isa, amsa ma tana tasowa, hanyar ce ta lalace. Mutumin yana nan ciki, Malam. Ya san ka, ya san kansa."

Na tambaye shi ko ana iya cirewa, kamar ƙullin tunkiya. Ya girgiza kai. Ya ce ba wuri ɗaya ba ne. Ya ce ana maganar magunguna a Turai, amma ba su iso gare mu ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba, watanni ne suka rage. Sai na gaya masa shirin Kawu. Fuskarsa ta sauya.

"Bulala ba ta mayar da naman da ya zaizaye. In aka sa shi a turu ba zai yi sati biyu ba, kuma duk abin da ake masa yana sane, bakin cewa a bari ne ba zai samu a kan lokaci ba. Ka kai shi wurin mai ƙaunarsa. Cin abinci tare da shi ba ya sa wa kowa ciwo, wanka da wanki ma haka, jini kawai za ku kiyaye. Kuma ka riƙe wannan: tambaya ɗaya, sannan ka yi shiru. Kada ka maimaita. In ka maimaita ka mayar da shi farko."

Ya rubuta takarda ya buga hatimi ya ba ni. Na fito da ita a aljihu kamar na saka garwashi. Ku duba inda na tsinci kaina. In na yi shiru, mahaukaci ne, turu na jiransa. In na faɗi sunan ciwon, kun san garinmu, ko kwanonsa ba mai taɓawa, wataƙila ma a ce ba zai kwana cikin gari ba. Da wannan na kwana, da shi na tashi.

Laraba muka kamo hanya. Malam Mani ya sama mana gaban wata motar kaya, ya rako mu har tasha, ya riƙe hannun Yaya ya yi masa sallama. A hanya na fara koyon abin da aka koya mini, kuma wallahi ya fi turin Landiroba wuya. Ka ce "Za ka sha ruwa?" sannan ka kame bakinka. Harshenka yana ƙaiƙayi. Mu Hausawa ba mu iya barin gaisuwa ita kaɗai ba, sai mun ɗora mata 'yan'uwa. Na riƙa duban itatuwan bakin hanya ina haƙuri, wani lokaci sai mun wuce gona biyu kafin in ji "I". Dakuwar Inna kuwa ya riƙe ta a hannu har Dungas, yana gutsura kaɗan-kaɗan, rabi na zubewa a cinyarsa.

Jandarmomi ba su tsananta ba, suna ganin hatimin likita sai su ɗaga hannu. A ɓangarenmu ne, ran Alhamis da hantsi, abin ya tsaya. Jami'in da ke kan teburi dogo ne baƙi, daga jin Hausarsa mutumin Filato ne. Ya ga ina jan babban mutum da hannu, ya ce mu matso.

"Kai, mene ne sunanka? Ina za ka? Ka san mutumin nan?"

Yaya ya dube shi. Jami'in ya buga teburi. "Da kai nake! Me ka ba shi ya sha?" Wannan da ni yake. Wasu biyu suka taso. Na ga alamar za a raba mu, a kai shi wani ɗaki ni wani ɗaki, kuma na san in aka rufe shi da tambayoyi ko sunansa ba za a samu ba.

"Ranka ya daɗe, ba shi da lafiya. Don Allah ka yi masa tambaya ɗaya, ka jira."

"Kai za ka koya mini aiki? Ina takardar asibiti?"

Ba yadda zan yi, na miƙa. Na yi fatan bai iya Faransanci ba. Ya karanta, idonsa ya tsaya wuri ɗaya, na gane ya gane. Mutane sun fi ashirin a bayanmu, rabinsu 'yan kasuwar Maigatari. Kalma ɗaya zai faɗa da ƙarfi, kafin la'asar ta isa Sule Tankarkar.

Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa mini a aljihun gaba da hannunsa. Ya ce a kawo kujera. Da Yaya ya zauna sai ya sunkuya daidai fuskarsa, ya nuna ni.

"Wane ne wannan?"

Jami'in ya tsaya yana jira. Na baya suka fara gunaguni, ya ɗaga musu hannu ba tare da ya waiwaya ba.

"Sabo... ne," in ji Yaya. "Ƙanena." Muka ɗauka ya gama. Ashe da saura. "Matsoraci... ne."

Jami'in ya fashe da dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba. "Ku je," in ji shi. "Allah ya kawo sauƙi. Na yi jinyar ƙanwata, na san abin." Ban tambayi sunansa ba, har yau ina jin haushin kaina.

Murnata ba ta yi nisa ba. Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika, kuma tashar tana kusa da kara. Wani ya hango mu ya yi ihu, "Ga Rediyo!" Kafin in ankara an kewaye mu. Dillalai, mahauta, Fulani, kowa da tasa: ina hanya, ina Damagaram, kwana biyu, ka manta da mu, ina labari. Ƙauna ce ta kawo su, amma kamar ruwa suke zuba masa. Ya tsaya ƙiƙam, bakinsa a ɗan buɗe. Ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru suna kallon juna. Wani ya ce, "Wayyo, an gama da shi."

Kawu Ilu ya ratso taron. A bayansa ga a-kori-kura, ga ƙarti biyu daga gidan mai magani, ɗaya da igiya a kafaɗa.

"Hamza! Ka san ni? Wane ne ni? Ka ji ko? Hamza!" Ya juyo gare ni. "Ka gani da idonka. Ku kama shi a hankali."

"Kawu, likita ya ce ba hauka ba ne."

"To mene ne?"

Ga tambayar da nake gudu tun Damagaram, a tsakiyar kasuwa.

"Ciwo ne a cikin kai," na ce. "Yana ji, jinkiri kawai yake yi."

"Ciwo a kai ai shi ne hauka, ɗan boko."

Sai Allah ya kawo mini wata dabara. Na durƙusa a gabansa, cikin kashin shanu. "Kawu, shekara biyu rabonsa da gida. Matafiyi ya dawo a wuce da shi wani gida bai gaida uwarsa ba? In ya mutu a can, me za ka ce wa ƙanwarka?"

Dattawan da ke wurin suka ce gaskiya ne, wannan ba a yi. Kawu ya ciji leɓe. "To. Ya gaishe ta. In bai iya ba, daga nan mu wuce, kuma ba na son ƙarin magana."

Muka bi ta Gumel, muka karkata yamma. Ni da Yaya a baya, ƙartin nan biyu suna gefe da gefe, igiya a tsakaninmu. Da muka zo mararrabar da ke zuwa gidan mai magani direba ya rage gudu ya dubi Kawu. Kawu ya yi masa nuni da haɓa ya miƙe.

Da la'asar muka isa. Labari ya riga mu, gidan ya cika da mata da maƙwabta. Na san abin da zai faru, na kuwa yi ta roƙo, "Don Allah ku yi shiru, ɗaya-ɗaya," amma wa zai ji? Sannu da zuwa ta ko'ina, wasu na kuka, wata gwaggo tana tofa masa addu'a. Muka zaunar da shi a tabarma a tsakar gida. Kawu ya tsaya a kansa.

"Ga uwarka nan. Gaishe ta. Hamza, gaida uwarka. Ka gaishe ta mana!"

Kowace maimaitawa ina jin ta kamar an mari fuskata. Yaya yana kallon ƙasa. Kawu ya juya ya yi wa mai igiya alama.

Inna fa duk wannan abin ba ta taso ba. Tana inda na bar ta, bakin ɗakinta, faifai a cinya, ta ba shi gefe kamar kullum. Kunya ba za ta bar ta ta yi masa sannu a gaban mutane ba. Ba ta san abin da likita ya ce ba, ban sami sararin gaya mata ba. Abin da kawai ta ce, ba da ƙarfi ba, shi ne, "Yaya Ilu, a bar mutum ya huta mana. Ku kuma kun cika mini kunne."

Inna ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa in ta yi ake ji. Gidan ya yi tsit. Ba wanda ya tambaye shi komai. Ba abin da ake ji sai ƙarar wake a faifai. Mai igiya ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaba, yana jiran Kawu, Kawu yana jiran ƙanwarsa ta ɗago, ita kuwa ba ta ɗago ba. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ga inuwar katanga ta taɓa bakin tabarma.

Sai na ga hannun Yaya yana motsi. Ya kai shi ƙafa a hankali, ya zare takalmi ɗaya. Ya zare ɗayan. Ya dafa ƙasa, ya karkata jikinsa wajen ɗakinta, ya sunkuyar da kai yadda yake yi tun muna yara.

"Inna... ina... wuni."

Wake ya daina ƙara. Ta ajiye faifan. Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi, a gaban yayanta da maƙwabta da baƙi, abin da ban taɓa gani ba.

"Lafiya lau, Hamza," in ji ta.

Wata mata ta ce "La'ilaha illallahu," don duk wanda ke gidan ya san abin da ya ji. Inna ta dubi Kawu. "Ya gaishe ni. A sallami bayin Allahn nan, a ba su fura su sha kafin su tafi."

Kawu ya cire hularsa ya goge fuska da ita, ya fita zaure. Daga baya shi ne ya riƙa kawo masa nono kowace safiya, kuma ya koyi yin shiru, ko da yake da ƙyar.

Washegari na sami Inna ita kaɗai na gaya mata sunan ciwon, da duk abin da likita ya nuna mini, da abin da za ta kiyaye. Ta saurara har na gama. Ta ce, "To. Miƙo mini kwanon can." A kwano ɗaya suka ci tuwo ranar, da kowace rana bayanta.

Wata biyu da kwana tara ya yi. Ƙafafun suka fara tafiya, sannan hannun, amsar kuma tana ƙara nisa. Kowace safiya Inna za ta shiga da kunu, ta zauna, ta ce "Hamza" sau ɗaya, ta jira. Sunan da ta riƙe shekara arba'in ba ta faɗa ba, sai ga shi kullum da shi take buɗe baki. Da fari kafin kunu ya huce yake amsawa. Daga baya sai ya huce ta sake ɗumamawa.

Ranar ƙarshe ina nan, na zo hutun mako. Ta shiga, ta zauna, ta kira shi. Ni da Kawu muna bakin ƙofa, kuma daga inda nake na ga ƙirjinsa ba ya motsi. Na yunƙura zan shiga, Kawu ya riƙe mini hannu.

"Bar ta," in ji shi a hankali. "Tambaya ɗaya ta yi. Bar ta ta jira."